Koya wa Yaro Mai Galahanga Zuwa Bayi: Sharhi Daga Gidajen Hayar Bata

A gidajen haya na Bata da ke Kano da layukan da suka kewaye ta, daga Fagge har cikin Sabon Gari, akwai wata damuwa da iyaye mata ba sa faɗa sai sun sassauta murya. Yaro ya kai shekara biyar, wani ma bakwai, ƙannensa duk sun iya zuwa bayi, shi kuwa har yau yana ɓata wando. Ba ya magana, ko kuma maganar tasa maimaita abin da ya ji ce kawai. A kira sunansa ba zai waiwayo ba, amma da ya jiyo ƙarar injin markaɗe daga nesa sai ya toshe kunne. Maƙwabta kowa da fassararsa: wannan ta ce sangarta ce, waccan ta ce taurin kai ne, dattijon gida ya ce a nemo mai ruƙiyya. Uwar kuwa tana tsakiya, ga tulin wanki ga kunyar jama'a.

Da yawa daga irin waɗannan yara lalurar galahanga ce da su. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne, mafi yawansu suna iya koyon zuwa bayi. Sai dai koyon yana jan lokaci fiye da na sauran yara, kuma tsawa da bulala da kunyatarwa da muka saba ɗauka a matsayin tarbiyya su ne suke ƙara dagula shi.

Mece ce galahanga?

Mutane kan kira lalurori daban-daban da wannan suna, har da lalurar Down wadda ake gane ta a fuska tun daga haihuwa. A nan ana nufin wadda likitoci ke kira otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take girma, wanda ke shafar magana, da cuɗanya da mutane, da yadda yaro yake jin sauti, haske, wari da taɓi. Mai ita yakan so komai ya tafi a tsari guda kullum, sauyi ɗan kaɗan yana tayar masa da hankali. Ba a ganin ta a fuska, ba taɓin hankali ba ce, ba a kuma ɗaukar ta daga wani. Alamunta sukan bayyana kafin shekara uku. Matakinta ya bambanta ƙwarai: wani zai yi jami'a ya yi aure, wani zai buƙaci mai kula da shi iya rayuwarsa.

Likitan da ya yi fice wajen bayyana ta dalla-dalla shi ne Leo Kanner, a Amurka, a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu na kowace shekara domin wayar da kai a kanta, tun daga 2008.

Gado shi ne babban tushenta. Haihuwar bakwaini da tsufan iyaye lokacin samun ciki suna cikin abubuwan da ke ƙara yiwuwarta. An daɗe a Turai da Amurka ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ya jawo, daga baya bincike ya yi watsi da wannan zargi. Akwai kuma maganar rigakafi. Kanawa suna da dalilin yin taka-tsantsan da allura, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a asibitin IDH a 1996 ba, kuma wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Amma zargin cewa rigakafi na jawo galahanga tushensa daban ne. Wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga shi a mujallar Lancet a 1998 bisa yara 12 kacal. A 2010 mujallar ta janye rubutun, aka kuma soke lasisinsa. Wani bincike a Denmark da aka fitar a 2019, wanda ya bi yara sama da 650,000, bai sami wata alaƙa ba.

Sauran kalmomin da za a ci karo da su a wannan sharhi sanannu ne. Fo shi ne ɗan mazubin roba da yara ke tsugunawa a kai. Pampas shi ne ƙunzugun kanti da ake yarwa bayan an yi amfani da shi, sunan ya fito daga samfurin Pampers. Masai shi ne bayin rami, akwai kuma bayin ruwa, na tsuguno da na zama.

Me ya sa abin yake ba su wuya?

Babba yana ɗaukar zuwa bayi a matsayin aiki guda. A wurin yaro ayyuka ne jere: ya ji mararsa ta cika, ya gane ma'anar wannan jin, ya riƙe, ya bar wasan da yake yi, ya sanar ko ya tafi da kansa, ya tuɓe wando, ya tsuguna, ya saki jiki, ya yi tsarki, ya mayar da wando, ya wanke hannu. Yawancin yara suna haɗa wannan jeri tsakanin shekara biyu zuwa huɗu, kuma rabin koyon daga kwaikwayo yake zuwa. Sun ga yayyensu sun ɗauki buta, su ma sun ɗauka. Suna son a ce sun girma, suna jin kunyar a yi musu dariya.

Yaro mai galahanga ya raunana daidai a waɗannan wurare. Kwaikwayo ba ya zo masa da sauƙi. Yabon jama'a ko dariyarsu ba lallai su dame shi yadda ake zato ba. Wasu saƙon cikin jikinsu ba ya isa gare su da wuri, sai fitsari ya zubo sannan su ankara. Wanda ba ya magana ba shi da hanyar cewa ya matsu. Sannan ga son tsari guda: yaron da ya shekara huɗu yana kashi a pampas ya riga ya yanke cewa nan ne wurin kashi, a ganinsa mai ce masa ya hau fo shi ne ya karya doka.

A wani bincike da Nancy Dalrymple da Lisa Ruble suka fitar a Amurka a 1992, inda suka tambayi iyayen masu wannan lalura, an ga cewa koyon riƙe fitsari da rana ya ɗauki kimanin shekara ɗaya da rabi, na bayan gida kuwa ya haura shekara biyu. Uwar da ta yi wata uku tana fama ba ta ga sauyi ba, ba ta gaza ba, tafiyar ce da tsawo.

A duba cikin yaro kafin a zargi halinsa

Wannan shi ne abin da aka fi tsallakewa, alhali ya fi komai muhimmanci. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2014, ya nuna cewa taurin bayan gida da gudawa sun fi yawa nesa ba kusa ba a yara masu galahanga, fiye da ninki uku idan aka auna yiwuwar samuwarsu. Ɗaya daga cikin dalilan a fili yake ga duk wanda ya zauna da irin yaron. Yana da zaɓen abinci mai tsanani. Wani ba ya cin komai sai burodi da shayi, wani Indomie, wani farar shinkafa ba miya. Ba ganye, ba 'ya'yan itace, ruwa ma sai an yi da gaske, ga zafin Kano a watannin bazara.

Idan kashi ya yi tauri, fitarsa da ciwo. Yaron da ya ji ciwo sau ɗaya sai ya fara riƙewa, riƙewar ta ƙara taurara shi, hanji ya buɗe ya saba da cika har ya daina ba da sanarwa. Daga nan sai kashi mai ruwa ya riƙa silalowa ta gefen mai taurin yana ɓata wando ba tare da yaron ya sani ba. Iyaye su ga kamar zawo ne, su sayo maganin tsayar da gudawa a kemis, abu ya ƙara lalacewa. Wasu su ce da gangan yake yi, a kai masa duka. Wasu su ce basir ne, a shiga ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba.

Duk yaron da ke kwana uku bai yi bayan gida ba, ko yake yin ƙanana masu tauri, ko yake maƙale ƙafafu yana ɓuya a lungu yana nishi, likita yake buƙata kafin fo. Akwai magunguna masu laushi irin su laktulos da likita ke rubutawa, sau da yawa na tsawon watanni. A gida kuma a ƙara ruwa, da gwanda, kankana, lemo, wake, zogale, alayyahu da miyar kuɓewa, a riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan cikin abin da ya riga ya yarda da shi. Haka kuma fitsari mai zafi ko wari, ko yawan fitsari da ƙishirwa tare da rama, ko yaron da ya iya riƙewa sannan ya koma baya farat ɗaya, duk na asibiti ne.

Bayin gidan haya

Littattafan da aka rubuta a kan wannan batu suna ɗauka cewa kowane gida yana da bayinsa, mai haske da famfo da ƙofar da za a rufe. Bata ba haka take ba. Unguwa ce ta kasuwanci, tsakanin Kasuwar Sabon Gari da Singa da Kantin Kwari, inda fili ya yi tsada, iyalai da yawa suke zaune ɗaki ɗai-ɗai a gida guda suna haɗa bayi ɗaya ko biyu. Da safe layi ake yi. Ruwa na 'yan garuwa ne, kowace jarka da kuɗinta.

A dubi wannan bayi da idon yaron da komai yake ji ninki biyu. Duhu idan an ɗauke wuta. Rami baƙi ƙirin a ƙarƙashin ƙafarsa. Kyankyasai. Warin masai haɗe da na Izal. Janareton maƙwabci yana ruri a bayan katanga, wani kuma yana buga ƙofa yana cewa a yi sauri. A kan haka a ƙara abin da yake ji ana faɗa, cewa bayi matattarar aljanu ce. Yaron da ya ƙanƙame ƙofa yana ihu ba taurin kai yake yi ba, tsoro ne na gaske.

Saboda haka a irin wannan gida, farawa da fo a lungu guda na ɗaki ko bayan labule ya fi hikima. Fo yana da wata fa'ida ma: ƙafafun yaro suna ƙasa, gwiwoyinsa sun ɗaga, wanda shi ne zaman da ya fi sauƙaƙa fitar bayan gida. Masu bayin zama su sa masa 'yar kujera ya taka. Idan ya saba, sai a riƙa matsar da fo ɗin sannu a hankali zuwa ƙofar bayi, sannan ciki, a lokacin da gida ya yi shiru, da fitila a hannu. Akwai masu cewa gara a fara da bayin kai tsaye, tunda yaron da ke ƙin sauyi zai sha wuya sau biyu. Maganarsu tana da ƙarfi ga mai bayinsa shi kaɗai. Ga mai haɗa masai da iyali goma, fo ne mafita.

Wani abu da ya keɓanci wannan yanki shi ne yawan harsuna. A tsakar gida guda a Sabon Gari ana iya jin Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka. Uwa ta ce "kashi", yaya ta ce "pupu", malamar makaranta ta faɗi wata kalmar. Yaron da harshe ɗaya ma yake ba shi wuya sai ya rikice. A zaɓi kalma guda, gajeriya, kowa ya riƙe ta.

Inda ra'ayoyi suka sha bamban

Saɓani na farko a kan lokacin farawa ne. A 1962 likitan yara T. Berry Brazelton ya yaɗa ra'ayin cewa a jira sai yaro ya nuna ya shirya da kansa, wannan ne kuma ya mamaye Amurka da Turai. A ɗaya ɓangaren akwai Nathan Azrin da Richard Foxx, waɗanda a 1971 suka nuna cewa ko manya masu tsananin naƙasar fahimta suna iya koyo cikin 'yan kwanaki idan aka ƙara musu abin sha, aka riƙa kai su bayi a kan kari, aka kuma ba su lada nan take. Tsarinsu na asali yana da ɓangaren horo mai tsauri, wanda yawancin masana suka ajiye, kuma manya masu galahanga da suka tashi a ƙarƙashin irin wannan matsi sun yi ta sukarsa. Amma ƙashin bayansa, wato lokaci tsayayye da lada, shi ake amfani da shi har yau.

Jira yana da haɗari ga yaro mai galahanga, domin alamun da ake jira, kamar ya ce a cire masa pampas, ba lallai su taɓa zuwa ba. Ya isa a ga yana iya awa ɗaya ko biyu a bushe, yana iya zama na 'yan mintuna, kuma cikinsa lafiya.

A nan ya kamata a yaba wa kakanninmu. Uwar Bahaushe tun jariri yana 'yan watanni take lura da lokacinsa, ta zaunar da shi a kan ƙafafunta bayan ya sha nono ko ya tashi daga barci. Ba ta jira ya yi magana. A 1977 an buga nazari a kan ƙabilar Digo ta Kenya da ya nuna jariransu suna sabawa da irin wannan tun suna wata biyar zuwa shida. Abin da masana ke kira zama a kan kari, shi ne wannan. Inda al'adar ta kuskure shi ne abin da ke biyo baya idan yaro ya makara: a kira shi amalala, a tara yara su yi masa waƙar tsokana, a tsorata shi da ƙwaɗo, a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro mai galahanga ba ya haɗa dukan da aka yi masa da fitsarin da ya yi ɗazu. Abin da yake koya shi ne kashi yana jawo duka, sai ya riƙe ko ya ɓuya, a koma kan taurin ciki.

Saɓani na biyu tsakanin asibiti ne da masu ganin shafar aljanu ko sammu, ko a coci a ce sai an yi addu'ar korar iska. Babu mai hana iyaye addu'a, ita ce ma ke riƙe zuciyar da ta gaji. Abin ƙi shi ne a turara yaro da hayaƙi mai shaƙewa, a ɗaure shi, a doke shi da sunan fitar da aljani, ko a kwashe shekaru ana yawo lokacin koyo yana wucewa. Musulmi suna da abin koyi a kusa: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, jariri ya yi masa fitsari a cinya, ruwa kawai ya nema. Balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallaci, ya hana a tsawata masa. Malaman Malikiyya kuma sun yi rangwame ga tufafin mai shayarwa idan ta yi iya ƙoƙarinta, suka so ta ware na salla. Uwar da najasa ke hana ta sukuni ta tambayi malami hukuncin halin da take ciki, kada ta huce a kan yaron.

Na uku shi ne lada. Wasu iyaye maza suna ganin ba yaro alawa don ya yi fitsari cin hanci ne. Ba haka ba ne. Yaron da "yauwa, sannu da ƙoƙari" ba ta isar masa, yana buƙatar abin da zai gani ya taɓa, kuma ana janye shi a hankali idan ya saba. Batun hana alkama da madara kuwa, wanda ke yawo a WhatsApp, bincike bai tabbatar yana maganin galahanga ba, kuma rage wa mai zaɓen abinci abin da yake ci na iya jefa shi cikin tamowa.

Yadda ake bi a aikace

Ana farawa da lura. Mako ɗaya ko biyu a riƙa duba yaron kowace awa, a rubuta lokacin da ya jiƙe da lokacin da ya yi kashi. Tsari zai fito. Hanji yakan motsa bayan cin abinci, musamman karin safe, don haka minti 15 zuwa 30 bayan koko da ƙosai lokaci ne mai kyau. A zaunar da shi minti uku zuwa biyar, ba a danne shi ba. Ranakun farko zaman kawai ma nasara ce, ko da wando a jikinsa. Kamar karatun allo ne, sai an gama babbaƙu ake shiga farfaru.

Ba a tambayarsa ko yana jin fitsari, ce masa ake yi lokacin fo ya yi. Da ya yi ko ɗigo ne, a ba shi ladansa a take, abin da ya fi so kuma ba ya samu sai a nan. Idan ya ɓata wando, a wanke shi ba faɗa ba dogon lallashi. Ga wanda ba ya magana, a ɗauki hoton fo ɗinsa da buta da sabulu da waya, a wanke a shagon hoto, a jera a bango. A koya masa miƙa hoton fo idan ya matsu. Musayar hoto hanya ce da Andy Bondy da Lori Frost suka tsara a Amurka a 1985, kuma ba ta hana magana zuwa.

Da rana gara wando mai roba, mai sauƙin ja, domin pampas yana shanye jiƙa yaro bai ji komai ba. A shimfiɗa leda a kan katifa. Wanda ya kafe sai a pampas zai yi kashi, a bi shi mataki-mataki: ya yi a pampas amma kusa da fo, sannan a zaune a kan fo da pampas ɗin, sannan a sassauta shi ko a huda, har a cire. Mai shafa kashi a bango ko jikinsa, a fara duba taurin ciki da tsutsar ciki, a sa masa kayan da hannu ba ya shiga da sauƙi, a ba shi abin damuƙa kamar ƙullin fulawa a lokacin wasa.

Tsarki darasi ne mai zaman kansa. Buta a dama, wanki da hagu, sannan sabulu. Da hunturu a sirka ruwan, domin ruwan sanyi sau ɗaya ya isa ya rushe aikin wata guda. Fitsarin kwance kuma a bar shi sai rana ta daidaita. Likitoci ba sa ɗaukar sa matsala kafin shekara biyar, ko a yaran da ba su da wata lalura.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Uban da ke fita kasuwa tun safe yana iya ɗaukar zaman asuba da na dare, kuma ɗa namiji ya fi gane abin a wurin mahaifinsa. Kaka da yayye da 'yar aiki duk su bi tsari guda.

Abin da jinkiri ke jawowa

Makarantun nazare da na Islamiyya da yawa ba sa karɓar yaron da bai iya zuwa bayi ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi, amma malama ɗaya da yara 50 ba za ta iya sauya pampas ba. Sai yaron ya zauna a gida, ya rasa cuɗanyar da ya fi kowa buƙata, uwar ta bar sana'arta, ta daina zuwa biki da suna. Kuɗin pampas, wanda ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, yana cinye abin cefane, manyan lamba kuma sun fi tsada da wuyar samu. A gidan haya rigima da maƙwabta kan wari da shanya ba ta ƙarewa, ga barazanar amai da gudawa da damina idan ba a zubar da kashin yara a masai ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: yaro ko yarinyar da ta girma tana buƙatar a tuɓe ta a wanke ta, ba ta kuma iya ba da labari, ta fi shiga haɗarin masu lalata. Iya tsarki da kai kariya ce.

Ina za a dosa?

Sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya su ne inda aka fi samun ƙwararrun da za su tantance lalurar. Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero sun fi kusa da Fagge, ana iya farawa daga can a karɓi takardar turawa. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, inda ake horar da malaman da suka san wannan aiki. Mai zuwa ganin likita ya tafi da takardar da ya rubuta lokutan fitsari da kashi, da jerin abin da yaron yake ci, da duk maganin da aka taɓa ba shi har na gargajiya. Ya kuma nemi a gwada jin yaron, a faɗi idan yana suma ko ƙafewar ido, domin farfaɗiya takan zo tare da galahanga, kuma tana da magani.